Busar da tawada a injin bugawa: yaushe dabara ke cancantar takardar mallaka?

Injin bugawa mai fesa tawada, wato inkjet, yana watsa ƙananan ɗigon tawada a kan takarda. Galibin wannan tawada ruwa ne, saboda haka idan ba ta bushe da wuri ba sai rubutu ya dame, takarda kuma ta lanƙwashe. Hanyoyin busarwa sanannu ne: hura iska mai zafi, ɗumamawa da hasken infrared, bi da takarda ta kan ƙarfe mai zafi, ko daskarar da tawada ta musamman da hasken UV.

Taƙaddama na tasowa idan kamfani ya haɗa biyu daga cikinsu, misali ɗumamawa sannan hura iska, ya nemi takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake kira brevet da Faransanci. Takardar na hana wasu amfani da dabarar har shekara 20. Sai abokan gogayya su ce duk injiniyan da ya san aikinsa zai iya gano wannan haɗi, don haka babu wata ƙirƙira.

A Amurka, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa ma'aunin a shari'ar Graham da John Deere a 1966: a duba abin da aka riga aka sani, da bambancinsa da sabuwar dabarar, da ƙwarewar matsakaicin masani a fannin. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex kan totur na mota, kotun ta ƙara da cewa haɗa sanannun abubuwa ba ya wadatarwa idan sakamakon shi ne wanda kowa ke tsammani. A Turai, sashe na 56 na yarjejeniyar mallakar ƙirƙira ne ke ɗauke da wannan sharaɗi. Don haka mai neman kare dabarar busarwa yakan yi ƙoƙarin nuna sakamakon da ba a zata ba, kamar bushewa da sauri ba tare da takarda ta lanƙwashe ba.

Sharaɗin yana aiki a Afirka ma. Nijar, Kamaru, Chadi, Benin da Togo suna cikin OAPI mai hedikwata a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977. Ghana da Sudan kuwa suna cikin ARIPO da ke Harare. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya, tana da dokarta ta 1970.

Idan aka soke takardar mallaka, dabarar ta zama ta kowa, wasu kamfanoni ma su ƙera injin da ita. Idan ta tsira, sai da izinin mai ita.