Raba Alƙiblar Haske a Kan Cip na Silikon: Dalilin Fifita Juriya a Kan Ƙanƙanta

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyoyin tsara na'urar da ke raba haske gida biyu bisa alƙiblarsa a kan cip na silikon. Hujjarta ita ce mai binciken da ba ya da masana'anta a kusa, kamar wanda ke aiki a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, ya kamata ya zaɓi tsarin da ke jure kuskuren ƙira ko da zai ci wuri, maimakon tsarin da ya fi ƙanƙanta.

Tushen matsalar

Saƙon da mutum ya tura ta waya daga Gwandu ba ya yin nisa a iska. Daga hasumiyar sadarwa yakan gangara cikin zaren gilashi a matsayin haske, ya nufi Legas, inda igiyoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne na 2010 da Equiano na 2022 suka sauka. Tun wajen shekarar 2010 manyan layuka masu nisa ke ɗora saƙo biyu a kan haske ɗaya, ɗaya a alƙiblar kwance, ɗaya a alƙiblar tsaye, don ninka abin da zare guda ke ɗauka. Sai dai zaren gilashi ba ya riƙe alƙibla. Lanƙwasa da zafi da girgizar ƙasa duk suna jujjuya ta, har hasken ya iso wurin karɓa a cakuɗe. Shi kuwa cip na silikon yana nuna bambanci ƙwarai tsakanin alƙiblun biyu. Magudanar hasken da aka saba sassaƙawa a kansa kaurinta nanomita 220 ne, faɗinta kuma kimanin 450 zuwa 500. A tsawon zango na nanomita 1550, ma'aunin lanƙwasa haske na silikon kusan 3.48 ne, na gilashin da ke kewaye da shi kuwa 1.44. Sakamakon haka, alƙiblar kwance, wadda masana ke kira TE, tana jin ma'auni kusan 2.4, ta tsaye kuma, wato TM, kusan 1.8. Tazara ce babba, kuma dole a raba su tun a bakin ƙofa. Tsarin da Barwicz da abokan aikinsa na MIT suka nuna a 2007 shi ne a raba, a juya ɗaya ta koma irin ɗayar, sannan kowace ta bi nata zagayen.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce a jera magudanai biyu kusa da juna, da ɗan rata tsakaninsu, a daidaita faɗinsu yadda TM za ta tsallaka zuwa maƙwabciyar, TE kuma ta zarce. Gajeriya ce, galibi 'yan gomomin maikiromita, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Rauninta yana cikin asalinta: tsallakawar ta dogara ne a kan dacewar saurin haske a magudanan biyu da kuma tsawon da aka auna daidai. In na'urar sassaƙa ta ƙara ko ta rage faɗin da nanomita 10, abin da ke faruwa yau da kullum a masana'anta, dacewar ta kauce, wani ɓangare na hasken ya ɓata hanya, saƙon biyu su gurɓata juna. Masu neman ƙanƙanta sun kai maƙura a 2015, lokacin da ayarin Rajesh Menon na Jami'ar Utah ya bar kwamfuta ta zana mararrabar alƙibla mai faɗin maikiromita 2.4 a kowane gefe. Abin burgewa ne, amma hasken da take zubarwa ya fi abin da layin kasuwanci zai lamunta, kuma ƙananan ramukan da ke cikinta su ne suka fi saurin lalacewa wurin sassaƙa.

Hanya ta biyu ita ce ta sannu-sannu. Ana buɗe faɗin magudanar a hankali, kamar yadda manomin shinkafa a fadama ke faɗaɗa hanyar ruwa don kada ruwan ya yi tsalle ya zube, har hasken ya sauya siffa ba tare da ya warwatse ba. Masana Dai da Bowers sun nuna a 2011 cewa idan saman magudanar da ƙasanta ba iri ɗaya ba ne, faɗaɗawar takan mayar da TM zuwa siffa ta biyu ta TE, wadda daga nan ake janye ta zuwa wata magudanar. Hanya ɗaya ta samun wannan rashin daidaito ita ce barin saman a buɗe ga iska, abin da ke wahalar da rufe cip. A 2014 Sacher da Poon na Jami'ar Toronto suka sami irin wannan sakamako ta hanyar sassaƙa silikon hawa biyu, a rufe da gilashi kamar kowace na'ura. Tsarin yana cin ɗaruruwan maikiromita, amma da yake bai jingina ga tsawo ɗaya tak ba, ƙaramin kuskure ba ya rusa shi, kuma yana aiki a dukan zangon 1530 zuwa 1565 har ma da ƙari.

Suka da amsa

Za a iya zaton zafin Kebbi, da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, shi ne babban dalilin wannan zaɓi. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Ma'aunin silikon yana ƙaruwa da kimanin 0.00018 a kowane digiri, don haka ko zafi ya tashi da digiri 40, sauyin kusan 0.007 ne, wanda ke gusar da aikin na'urar da kusan nanomita 3 kacal. Wannan yana da illa ga matatun zobe masu siririn zango, amma mararrabar alƙibla tana iya haɗiye shi. Ainihin dalilin yana wurin ƙira. Babu masana'antar cip na haske a Nijeriya. Mai bincike a Kalgo zai iya yin dukan zanensa da manhajoji na kyauta irin su MEEP da MPB a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, amma sassaƙawa sai ya sayi ɗan fili a faranti na haɗaka a wurare kamar imec ta Beljiyam ko AMF ta Singafo, ya biya da kuɗin waje, ya jira watanni. Ɗakin bincike mai wadata yakan aika zane, ya auna, ya gyara, ya sake aikawa. Wanda kuɗinsa na zagaye ɗaya ne ba shi da wannan sarari, don haka zanen da zai yi aiki tun karon farko ya fi masa daraja.

Suka mafi ƙarfi ita ce fili a farantin ma kuɗi ne, kuma doguwar na'ura tana cin fili. Gaskiya ne, sai dai a auna da kyau. Na'urar sannu-sannu doguwa ce amma siririya, faɗinta 'yan maikiromita, kuma guda biyu ko uku kawai cip na aikawa da karɓa ke buƙata, a gefen na'urorin ɗora saƙo masu tsawon milimita. Shi kuwa mai gajeren tsari, da yake bai san inda kuskuren zai faɗa ba, dole ya zana kwafi da yawa masu faɗi daban-daban don ya dace da ɗaya, kuma kowane kwafi yana buƙatar ƙofofin shigar haske da fitarsa, waɗanda suka fi na'urar kanta cin wuri.

Akwai kuma masu cewa bincike a tsarin da aka riga aka sani ba sabon ilimi ba ne. Amma tambayar yadda za a gajarta na'urar sannu-sannu ba tare da ta rasa juriyarta ba tana nan a buɗe. Haɗarin warwatsewa ba ɗaya yake a dukan tsawon ba, ya taru ne a ɗan yankin da siffofin biyu suka kusanci juna, don haka ana iya tafiya a hankali a nan, a yi sauri a sauran. Gano mafi kyawun wannan salon faɗaɗawa, da gwada shi a kan kuskuren faɗi da na kauri lokaci guda, aiki ne na lissafi wanda ɗalibin digiri na biyu a sashen kimiyyar lissafi da fiziks zai iya kammalawa kafin a kashe ko sisi a kan sassaƙa.