Old Saybrook, Garin Katharine Hepburn

Old Saybrook ƙaramin gari ne a jihar Connecticut ta ƙasar Amurka, daidai inda kogin Connecticut yake zuba ruwansa cikin mashigin tekun da ake kira Long Island Sound. Mutanensa 10,000 ne da ɗoriya, amma garin ya girmi ƙasar Amurka kanta da shekara fiye da ɗari. Turawan Ingila ne suka kafa shi a 1635, suka haɗa sunayen masu sarauta biyu, Lord Saye and Sele da Lord Brooke, suka raɗa masa. Wani injiniyan soja, Lion Gardiner, ya gina sansani a bakin kogin, kuma 'yan ƙabilar Pequot, waɗanda baƙin suka tarar a yankin, sun yi masa ƙawanya a hunturun 1636 zuwa 1637. Sansanin ya daɗe da shuɗewa. Yau filin shaƙatawa ne da alluna masu ba da labarin.

A nan makarantar da ta zama Jami'ar Yale ta zauna a shekarunta na farko, bayan an kafa ta a 1701. Da aka mayar da ita New Haven a 1716, mutanen gari ba su yarda cikin daɗin rai ba. Sai da aka kai ruwa rana kafin a kwashe littattafanta, da dama ma suka salwanta.

Amma baƙi da yawa saboda 'yar wasan fim Katharine Hepburn suke zuwa. An haife ta a Hartford a 1907, tana yarinya mahaifinta, wanda likita ne, ya sayi gidan hutu a Fenwick, wata unguwa da ta miƙa cikin ruwa. Ta ci kyautar Oscar sau 4, ta je har Kwango da Yuganda ɗaukar fim ɗin The African Queen, duk da haka Fenwick ce gidanta. A watan Satumba na 1938 guguwar teku ta kwashe gidan ɗungurungum, iyalan suka tsira da ƙyar. Akwai hotonta zaune cikin bahon wanka a tsakiyar ɓaraguzai. Ba su yi ƙaura ba, suka sake ginawa da tubali a wurin, kuma a gidan ta rasu ranar 29 ga Yuni, 2003, tana da shekara 96.

Gidan na wasu ne yanzu, ba a shiga. Inda ake zuwa shi ne tsohon zauren majalisar gari da ke Main Street, wanda aka gyara aka buɗe a 2009 da sunanta. 'Yan gari The Kate suke ce masa. Akwai dandalin wasa a ciki, da gidan tarihinta: wasiƙu, hotunan iyali, tufafin da ta sa a fim. Ba shi da girma, kuma a ganina hakan ya fi dacewa da matar da ta ƙi rayuwar ƙyale-ƙyalen Hollywood, ta fi son wando da iyo cikin ruwan sanyi. Mutum zai fito ya san maƙwabciyar mutanen garin, ba tauraruwa kaɗai ba.

Hasumiyoyi biyu ne ke haska wa jiragen ruwa bakin kogin, ta Lynde Point da ta Saybrook Breakwater wadda aka kunna a 1886. Daga cikin jirgin ruwa aka fi ganin su da kyau.

Kada a bar garin ba a leƙa tsohon kantin magani na James Pharmacy ba. Anna Louise James, baƙar fata mace ta farko da ta sami lasisin haɗa magani a Connecticut, ita ta riƙe shi har 1967. Mahaifinta cikin bauta aka haife shi, amma kowa a garin Miss James yake kiran ta, kuma Hepburn ma tana cikin masu zuwa kantin.