Jeren Kwanuka a Zangunan Gwanja da Dagwamba: Tarihin Dukiyar Mata

Gabatarwa

Jere, a al'adar Hausawa, shi ne tsara kayan ɗakin amarya, musamman ƙorai da tasoshi da kwanuka, a jikin bango ko a kan kanta, babba a ƙasa, ƙarami a bisansa, har su kusa taɓa rufi. Akasarin waɗannan kaya ba a cin abinci a cikinsu. Ana goge su, a mayar da su mazauninsu, kuma da su baƙuwa take auna matsayin matar gida. Wannan al'ada ta bi sawun fatake zuwa arewacin ƙasar Gana ta yau, inda ta zauna a zangunan Salaga da Yendi da Karaga da Bawku. An rubuta tarihin fataucin goro da sunayen maza: madugai da malamai da sarakuna. Rabon mata a wannan tarihi yana jere a bangon ɗakunansu.

Hanyar Gwanja

A ƙarni na 19, Salaga ta ƙasar Gwanja ita ce babbar kasuwar da goron Asante yake haɗuwa da hajar ƙasar Hausa. Ayari kan tashi daga Kano ko Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yendi, fadar Ya Na, sarkin Dagwamba, kafin ya sauka Salaga bayan tafiyar watanni. Wata hanyar kuma takan biyo ta ƙasar Gurma da Mosi, ta shigo ta Bawku da Gambaga. Karaga, wadda take arewa maso yamma da Yendi, gari ne mai daraja a Dagwamba, domin sarautarta na cikin guda uku da ake hawa gadon Yendi daga gare su, tare da Savelugu da Mion.

Fatake kan kawo tufafi da kayan fata da kanwa da gabu da dabbobi, kuma a kasuwar Salaga har bayi ake sayarwa. Tafiyar ba ta maza zalla ba ce. A shekarar 1826, Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata. Waɗanda suka zauna a zango da yawansu sun auri 'yan ƙasa, sai tsarin auren zango ya game Bahaushiya da wadda ba ita ba. Har gobe ana jin kalmar lefe a bakin Musulmin arewacin Gana, ko da ba da Hausa suke magana ba.

Zamanin ƙwarya da tasa

Jeren farko na ƙorai ne. Duma ake shukawa, a fafe shi, gwani ya yi masa zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Akwai masaki, wato babbar ƙwarya, akwai ƙoƙo da ludayi, sannan a rufe kowace ƙwarya da faifai mai ado. A gefe guda ga akushi na itace, wanda ake zuba wa maigida tuwo, ga kuma kayan yumɓu irin su randa da tulu da kasko da tukunya, waɗanda a ƙasar Dagwamba mata ne suke gina su. Waɗannan kaya ne suka haifar da karin maganar da ke cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

Abin da ya fi ƙwarya daraja shi ne tasa ta tagulla ko farin ƙarfe. Kalmar daga Larabci take, kuma wannan manuniya ce ga hanyar da irin kayan suka fara biyowa. A garin Nsawkaw, kudu da Gwanja, akwai tsofaffin tasoshi masu rubutun Larabci waɗanda masana suke dangantawa da Masar ta zamanin Mamluk, kuma mutanen garin suna girmama su a matsayin kayan tsarki. A kusa kuwa, maƙeran Bida ta ƙasar Nufe sun yi suna wajen ƙera tasoshi masu zane. Tasa ba ta fashewa, ana gadonta, ana iya sayar da ita, don haka sai 'yar mai hali take samun ta a jerenta.

Juyawar hanya da zuwan kwano

A 1874 sojan Ingila suka ci Kumasi. Gwanja ta yi amfani da wannan dama ta fice daga ikon Asante, su kuma Asante suka janye goronsu daga Salaga, kasuwa ta fara komawa Kintampo. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa abin da ya rage. Jama'ar zango suka watse zuwa Yeji da Kete-Krachi da wasu garuruwa, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. A irin wannan gudu ba a ɗaukar gida ko rijiya, kuma randa ba ta jure tafiya. Abin da mace za ta iya cusawa cikin juna ta ɗaure a zane shi ne yake tsira.

Daga nan haja ta sauya alƙibla. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, Turawan mulki suka mayar da Tamale hedikwatar arewa a 1907, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Kayan da a da suke zuwa daga gabas a bayan jaki, sai suka koma fitowa daga bakin teku a cikin mota, ta hanyar Kumasi da Yeji da Salaga zuwa Tamale. A cikinsu akwai kwano: ƙarfe ne marar kauri da ake lulluɓe shi da garin gilashi, a gasa a wuta mai tsanani har ya narke ya yi santsi, sannan a yi masa furanni ja da shuɗi da rawaya. Da farko kantunan Turawa ne suke kawo shi daga Turai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu na Hong Kong ya cika kasuwa saboda araha, daga baya kuma masu masana'antun can suka zo suka kafa nasu a Nijeriya da Gana.

Kwano ya dace da jere ta kowace fuska. Yana da ƙyalli, ba shi da nauyi, yana zuwa saiti-saiti mai shiga cikin juna, kuma talaka na iya sayensa ɗaya bayan ɗaya. Harshe ma ya ƙaru da sunaye: langa da samira da fanteka da kwalla, sai faranti da kofi da aka aro daga Ingilishi. Tangaran, wato kayan farar ƙasa da aka gasa, saurin fashewarsa ya hana shi yin rinjaye, amma bai tafi a banza ba. A ƙauyukan Dagwamba akan liƙa gutsattsarinsa a kewayen ƙofar zaure don ado, kamar yadda maginan Kano da Zariya suke kafa faranti a tsakiyar rufin soro.

Asusun mace

Uwa takan fara tara kwanuka tun 'yarta tana ƙarama, da ribar sana'ar cikin gida da kuɗin talla da kwasar adashi, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ranar biki ƙawayen uwa su kawo gudummawa, wadda bashi ce da za a rama in nasu ya zo. Saboda haka jere lissafi ne na ƙoƙarin uwa da yawan jama'arta, kuma matan dangin amarya ne suke zuwa su yi shi kafin a kai ta.

Muhimmin abu shi ne mallaka. Kayan ɗaki na matar ne, miji ba shi da iko da su a shari'a ko a al'ada. In aure ya mutu, da su take fita. In rashin lafiya ko fari ya zo, sai ta zare saiti ɗaya ta ba dillaliya. Shi ya sa ba a amfani da su: kwanon da ya ɓantare tsatsa yake yi, kuma farashinsa ya faɗi. Amfanin wannan asusu ya sake bayyana a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Mutanen zango da yawa sun karyar da kadarorinsu, suka hau mota da abin da hannu zai iya ɗauka.

Kammalawa

A wasu ƙasashe tsufa ne yake ƙara wa irin waɗannan kaya daraja. A Suwidin, alal misali, masu tara kayan tangaran suna neman tsofaffin farantan Rörstrand, masana'antar da aka kafa a 1726, da na Gustavsberg, suna kifa kowane ɗaya su duba hatimin da ke ƙasansa don gane zamaninsa. Jere kuwa sabunta yake so. Da kayan gilashi da kuloli da kabet suka shigo, sai kwano ya sauka daga bango kamar yadda ya saukar da ƙwarya, ya koma wurin wanke-wanke ko hannun 'yan gwangwan. Amma shi ma kwanon sau da yawa yana da hatimi a ƙasansa, kuma tsohuwar da ta mallake shi ta san wanda ya saya, da sana'ar da ta biya kuɗinsa, da garin da aka ɗauko shi. Ɗalibin da ya zauna da irin wannan tsohuwa a Karaga ko Bawku, ya rubuta sunan kowane kwano da labarinsa, zai samu kalmomin da suke gab da ɓacewa da kuma tarihin zango ta bakin mata.