DAGA CHICAGO ZUWA GARKI: TARIHIN BINCIKEN CUTAR SIKILA

 

A 'yan shekarun nan mun karanta labarai da dama, a littafi da a waya, waɗanda taurarinsu masu sikila ne. Yawancinsu hanya ɗaya suke bi: yarinya kyakkyawa, siririya, saurayi yana mutuwar sonta, a je gwajin jini a fasa aure, a babi na ƙarshe a kai ta makwancinta. Mu ma mun taɓa rubuta irinsa, har muka ji daɗi da masu karatu suka ce mun sa su kuka. Abin da bai faɗo mana a rai ba shi ne, wataƙila cikin masu karatun akwai 'yar shekara 15 mai SS, wadda a labarinmu take neman sanin abin da ke jiran ta. Wannan ne ya sa muka koma muka bi tarihin cutar tun daga tushe. Mu ba likitoci ba ne, amma ga abin da muka samo.

Tun kafin Bature ya sa mata suna, mutanen Afirka ta Yamma sun san wannan cuta. Mu muna ce mata amosanin jini. A Ghana, likitan nan Felix Konotey-Ahulu ya bi diddigin wani gida na ƙabilar Krobo, ya nuna cutar tana yawo a zuri'arsu tun wajejen 1670. Kakanninmu sun ga yaro yana kukan ciwon ƙashi da sanyi ya shigo, sun ga ana haihuwa ana binnewa a ɗaki ɗaya. Ba duk wabi ne sikila ba, amma babu mamaki wasu daga cikin yaran da aka kira 'yan wabi ita ce ta ɗauke su.

A rubuce kuwa, a fagen likitancin zamani, labarin ya fara ne a birnin Chicago na Amurka. A ƙarshen 1904 wani saurayi ɗan shekara 20, Walter Clement Noel, wanda ya zo daga tsibirin Grenada don koyon aikin haƙori, ya kwanta a asibiti. Wani ƙaramin likita, Ernest Irons, ya duba jininsa a madubin likita ya ga abin da bai taɓa gani ba: wasu jajayen ƙwayoyin jinin sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje, maimakon su zama zagayayyu. Maigidansa James Herrick ne ya buga bayanin a 1910. Noel ya kammala karatunsa, ya koma gida ya yi aikin haƙori, ya rasu a 1916. Sunansa bai fito a rahoton ba, sai a 1989 masanin tarihi Todd Savitt da abokin aikinsa suka tono shi. Mu lura da wannan: mai sikila na farko a tarihin likitanci ɗalibi ne da ya tsallaka teku ya yi karatu ya kama sana'a.

Daga nan aka shiga neman dalili. A 1927 aka gano cewa ƙarancin iskar oksijin ne ke sa ƙwayoyin su lanƙwashe. A 1949 abubuwa biyu suka faru. James Neel ya tabbatar da yadda ake gadon cutar: sai yaro ya ɗauko S daga uwa, ya ɗauko S daga uba, sannan ya zama mai cuta. Shi kuma Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin yana cikin himoglobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar oksijin. A 1956 Vernon Ingram, a Cambridge ta Ingila, ya kai ga ainihin wurin. Sarƙar himoglobin da abin ya shafa tana da ƙulli 146, kuma ƙulli na 6 kaɗai ne ya sauya. Daga baya aka ga cewa a rubutun DNA harafi ɗaya ne tak ya canza, T ta zauna a gurbin A.

Mu marubutan Hausa mun fi kowa fahimtar wannan. Idan ka rubuta fada a inda kake nufin faɗa, ka kai mai karatu gidan sarki alhali dambe ake yi. To, harafi ɗaya ne ya sa himoglobin ke haɗuwa ya sandare idan oksijin ya yi ƙasa. Ƙwayar jinin ta lanƙwashe, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, ta tare su, sai ciwo ya tashi. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, amma mai lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jinin mai sikila yake yawan yin ƙasa, idanunsa su yi rawaya.

Sai wata tambaya ta taso. In dai cutar tana kashe yara kafin su girma su haihu, me ya sa S ba ta ƙare a duniya ba? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya ba da amsa a 1954 bayan binciken da ya yi a Gabashin Afirka: mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Don haka a ƙasar da sauro ya yi yawa, masu AS sun fi rayuwa su hayayyafa, S ta yi ta yaɗuwa. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda haifaffen Najeriya ne, suka nazarci DNA na mutane kusan dubu uku, suka ƙiyasta cewa sauyin ya faru sau ɗaya ne kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa. Wani binciken da ya biyo baya a 2019 ya kai lissafin kusan shekara 22,000. Ko wanne aka ɗauka, S garkuwa ce da ta tsare kakanninmu daga sauro, 'ya'yan da suka gaji biyu kuma su ne suke biyan kuɗinta. Wanda ya san haka ba zai rubuta sikila a matsayin la'ana ko alhakin iyaye ba.

Ƙasarmu ma tana cikin wannan tarihi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Alan Fleming, masanin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka gwada jinin mutanen yankin, suka buga sakamakon a 1979. Sun tarar kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Cikin jarirai 100 da aka haifa kuma kimanin biyu SS ne, amma da suka duba manyan yara da baligai, da ƙyar ake samun mai SS. Yaran sun rasu tun suna ƙanana, akasari ba tare da kowa ya san sunan abin da ya kashe su ba. Har yau masana na ambaton Garki idan ana maganar yadda cutar take idan babu kulawa. Labaranmu na mutuwar tauraruwa sun fi kama da Garki ta 1970, alhali abubuwa da yawa sun faru tun daga lokacin.

A 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba ƙananan yara masu sikila fenisilin kullum yana rage musu kamuwa da muguwar cutar da ke shiga jini da kashi 84 cikin ɗari. Kafin nan, a 1984, an ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 8 da aka yi wa dashen ɓargo saboda kansar jini, sai aka ga sikilarta ma ta warke. A Najeriya an fara irin wannan dashe a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Matsalarsa ita ce sai an sami ɗan uwa wanda ɓargonsa ya dace, ga kuma tsada.

Amma zaren da ya fi jan hankalinmu ya faro ne daga wata likitar yara a New York, Janet Watson. A 1948 ta lura cewa jarirai masu sikila ba sa nuna alamar ciwo a watanninsu na farko. Ta ce dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da wani nau'in himoglobin na cikin ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa jiki yakan rage yin sa a hankali ya koma na manya, a nan ne ciwon ke farawa, wajejen wata shida. Tambayar da ta bar wa na baya ita ce: za a iya sa jiki ya koma yin na jarirai?

Amsa ta farko ta zo a 1995, lokacin da aka nuna cewa maganin haidiroksiyuriya yana ƙara himoglobin na jarirai, yana rage tashin ciwo da kusan rabi. Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila a 1998. An daɗe ana shakkar ko zai yi aiki lafiya a Afirka, sai da wani bincike a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda ya tabbatar da hakan a 2019. A nan gida kuma, likitocin asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala Muhammad a Kano, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada shi kan yara 220 da na'urar auna gudun jini a ƙwaƙwalwa ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. Wannan ilimi daga Kano da Kaduna ya fita zuwa duniya.

Amsa ta biyu ta fi zurfi. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ita ce makunnin da ke kashe himoglobin na jarirai. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana CRISPR, dabarar yanka DNA a daidai wurin da ake so, wadda ta sa aka ba su kyautar Nobel a 2020. Da aka haɗa biyun, sai aka ce a lalata makunnin, jiki ya koma yin na jarirai. A 2019 aka yi wa Victoria Gray, wata uwa daga Mississippi, wannan aiki. A Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a Disamba, ga masu shekara 12 zuwa sama. A gwajin da aka dogara da shi, 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Shekara 75 ke nan tsakanin abin da Watson ta lura da shi da wannan rana.

Kada mu yi saurin rubuta tauraruwarmu ta hau jirgi ta dawo da allura ɗaya ta warke. Aikin yana ɗaukar watanni: a ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini, a gyara su a ɗakin gwaji, a ba majinyaci magani mai ƙarfi ya share tsohon ɓargo, a mayar da gyararrun, ya yi makonni a asibiti. Maganin sharewar yana iya hana haihuwa, kuma wannan babbar shawara ce ga 'yar shekara 13 da iyayenta. A 2023 an sa kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. A Najeriya kuwa ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa, kuma da yawansu ko haidiroksiyuriya na wata guda yana gagarar iyayensu.

Shekarun samartaka su ne inda labarin mai sikila ya fi wuya, kuma nan ne muka fi barin sa. Balaga takan yi jinkiri, yarinya ta ga sa'o'inta sun wuce ta. Ciwo yakan faɗo ranar jarrabawa. Yaro yakan gaji da shan magani kullum ya daina a ɓoye. Lokacin ne kuma ake fitar da shi daga sashen yara, inda kowa ya san shi, zuwa na manya, inda wani zai iya ɗaukar neman maganin ciwonsa a matsayin shaye-shaye. Bincike a Amurka ya nuna haɗarin mutuwa yana ƙaruwa a daidai wannan tsallakawa. Duk waɗannan labarai ne da ba mu rubuta ba tukuna.

Kuskure ɗaya kuma da muke yawan gani: a ce AS da AS za su haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ne zai zama SS. Lissafin ba haka yake ba. Kowane ciki yana da nasa rabon na ɗaya cikin huɗu, don haka gida ɗaya na iya samun uku a jere, wani gidan ko ɗaya babu. Tunda a 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da na rukunin jinin gado, wannan lissafi ya shiga maganar aure a gidaje da dama, kuma wasu daga littafinmu za su fara jin sa.

Kafin 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, muna roƙon duk mai labari a hannu da ya ƙunshi mai sikila ya zauna da wani mai fama da ita, in ya yarda, ya kuma nuna wa ma'aikacin lafiya babin asibitin kafin ya sake shi. Mu ma mun ciro namu tsohon labarin muna gyara babi na ƙarshe. Wanda ya ga gyara a wannan muƙala, musamman 'yan uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya, muna sauraro.

Allah Ya ba masu fama da ita sauƙi, Ya saka wa iyayensu da alheri.