Zauren gwanayen ƙwallon gora da gardamar da ba ta mutuwa

A Nguru da Gashuwa, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ƙwallon gora na kan ƙanƙara sai dai a talabijin. Na fili kuwa Yobe ba baƙuwarsa ba ce, ga Desert Rollers ta maza, ga Desert Queens ta mata. Sai dai gardamar da ake tafkawa a Kanada duk shekara, ta wane ɗan wasa ya isa a sa shi a zauren gwanaye, ba za ta ba ɗan majalisar dambe mamaki ba.

Wani tsohon soja, Kyaftin James Sutherland, shi ya dage aka kafa zauren a 1943, da niyyar a gina shi a garinsu Kingston. An fara sa sunaye a 1945 tun ba a aza tubali ba. Kuɗi suka ƙi taruwa, hukumar gasar NHL ta gaji da jira, ta janye a 1958 ta koma Toronto, inda aka buɗe ginin a 1961.

Tushen rigimar yana cikin tsarin zaɓen. Mutum 18 ne ke zama, sai ɗan wasa ya sami ƙuri'a 14, kuma ba a faɗin wanda ya zaɓi wa. Sai ya shekara uku da ajiye sanda, ko da yake an ɗauke wa Wayne Gretzky wannan sharaɗi a 1999, daga nan aka rufe ƙofar alfarma. A wurinmu, makaɗi ne ke wannan aiki: Ɗan Anace ya ɗaga ɗan dambe Shago a bainar jama'a, mai ja ya ja. Can kuwa a ɗaki ake yanke hukunci, shi ya sa zargi ba ya ƙarewa.

Mata ba su shiga ba sai 2010, da Angela James da Cammi Granato. Willie O'Ree, baƙar fata na farko a NHL tun 1958, sai 2018 aka karrama shi, shi ma a rukunin masu hidima wa wasan. A ganina an yi masa jinkirin da ba shi da hujja.

Wanda aka fi yin sa-in-sa a kansa shi ne Paul Henderson, mai ƙwallon da ta ba Kanada nasara a kan Tarayyar Sobiyat a 1972. Masoyansa na cewa ƙwallon nan kaɗai ta isa a sa shi a zauren, masu adawa na cewa a duba sauran shekarunsa.