Mu da Muke Riga Fada Shiga Ƙauye

Tun da na ajiye aikin katikis bayan Istar bana, yaran da suka gaje mu suke ta zuwa gaishe ni, kuma na gode musu. Ɗaya daga cikinsu, yaro mai ƙoƙari ba laifi, ya ɗaga kai ya ga hoton Paparoma Yohanna Bulus na Biyu a bangon zaurena, sai ya ce, "Baba, an yi wasu bayan wannan fa, ku har yanzu shi kuke riƙe da shi?" Na ce ya sha ruwansa, amsa za ta zo masa a rubuce. Na san halin wayarsa, in na fara da baki za ta yi kuka kafin in kai tsakiyar labari.

Dole in fara da wanda ya koya mini aikin. Baba Malam muke ce masa, yara da manya. Ya fara aiki ne da firistocin Dominikan da suka zo daga Amurka, waɗanda aka damƙa wa ƙasar Sakkwato da Katsina a 1953. Ya ga zamanin Bishop Lawton, ya ga na Bishop Dempsey da ya gaje shi a 1967. Ƙasar faɗi gare ta, firistocin kuwa 'yan kaɗan ne, don haka ƙauye kan yi wata biyu ko uku bai ga farar riga ba. Wanda mutane suka sani shi ne mai keken nan da ke zuwa da littattafai ɗaure a bayan sirdi. Shi ke jan sujadar Lahadi, shi ke binne gawa, shi ake bugo wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta yi tsanani. Baba Malam bai gama firamare ba, amma amsoshin Mas na Latin duk suna kansa, yana rera su ba tuntuɓe. Da aka koma yin Mas da Hausa bayan babban taron Vatikan na Biyu, wanda aka rufe a 1965, ya ce abin da ya fi yi masa daɗi shi ne jin muryar tsofaffin mata daga bayan majami'a, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna zaune shiru ba su san me ake cewa ba.

Ni na yi karatu a makarantar horar da katikis ta Malumfashi, mai sunan Yusufu Mukasa, ɗaya daga cikin shahidan Uganda, kuma ba na raina abin da na samo a can. Amma yadda ake shiga gidan Bamaguje, a bayan keken Baba Malam na koye shi. Dokarsa ita ce ba a wa'azi a daminar farko. Ka je ka gaida maigida, ka fita gayya da fartanyarka, ka ci abin da aka ajiye maka ba tare da ka shinshina ba. In an miƙo giya ka ce ka gode, cikinka ne ba ya so, kada ka soma da tsawa. Da dare bayan tuwo a kunna fitilar ƙwai a ƙofar gida, a koya wa samari baƙaƙe da wasula. Yawancin waɗanda suka fara zuwa ba addini ya kawo su ba, so suke su iya karanta rasiɗin haraji da nauyin audugarsu a sikeli don a daina cutarsu. Baba Malam ya san haka sarai, bai kuma dame shi ba. Sai ranar da wani ya tambaya da bakinsa, "Malam, wai wancan littafin naka me ke ciki?" sannan yake kwance shi daga bayan keke.

Abin da na fi so 'yan baya su ji shi ne yadda ake bincikar mai neman baftisma. Mutum kan yi shekara biyu, wani uku, yana koyo. Haddar tambaya da amsa ba ita ce wahalar ba, yaro mai kaifin kai kan shanye littafin a rani ɗaya. In saura 'yan makonni Fada ya zo gwaji, sai Baba Malam ya ɗauki keke ya nufi kasuwa ranar da take ci. Ya zauna wurin mahauci, ya sayi ɗan tsire, a taɓa hira, can ya ce, "Sarkin fawa, wane fa, yana biyan bashi?" Ya wuce wurin mai gishiri da kananzir ya yi irin tambayar. Ya biyo ta rijiya ya ji ta bakin mata, ko mutumin har yanzu yana ɗaga wa matarsa hannu in ya sha. Mahautan nan da 'yan tireda duk Musulmi ne, kuma sun san dalilin tambayar. Wani lokaci ma su suke tare shi tun bai sauka daga keke ba: "Malam, mutuminka ya gyaru, ya kawo mini kuɗin bara." Wani kuwa ya girgiza kai ya ce, "Wannan dai a ƙara masa shekara." Abin da suka faɗa shi yake rubutawa da fensir a gefen sunan mutum a rajista, kuma ban taɓa ganin Fada ya tsallake wannan fensir ba. Na ga wanda ya amsa kowace tambaya daidai aka ce ya dawo baɗi saboda kuɗin akuyar wata gwauruwa. Ya yi fushi, ya biya, ya dawo, daga baya har ya zama shugaban majami'arsu.

Yanzu a wurare da dama ana rubuta suna a farkon azumi, a yi baftisma daren Ista. Na tambayi wani sabon katikis ko ya san gidajen da ɗalibansa suke kwana. Ya ce yana da lambobinsu duka.

Zancen nan ya tuna mini da wani dattijo mai mata uku da ya yi shekaru yana zuwa sujada, kullum a bencin baya. Da azararsa aka rufe majami'ar ƙauyen. 'Ya'yansa duk sun sami baftisma, shi kuwa ya tsaya, don ya ce ba zai sallami ko ɗaya ba. "Wace zan kora, Malam? Wadda ta haifa mini 'ya'ya, ko wadda ta yi jinyar uwata?" Baba Malam bai taɓa matsa masa ba, bai kuma taɓa ce masa doka ta canza ba. Da ciwon ajali ya kama shi tsakiyar damina ce, rafi ya cika, babu hanyar da Fada zai bi. Ikilisiya ta yarda wanda ba firist ba ya yi baftisma in mutum yana bakin mutuwa. Aka ɗebo ruwa daga randa da ludayi, matan uku suna durƙushe. Ni na riƙe fitila.

To, in dawo kan hoton. Wajen 1981 na gaji da aikin. Abin da ake ba mu a ƙarshen wata ba ya kai mu tsakiyar wani, sauran sai damin dawar da jama'a ke tarawa da kaka. Makarantun mishan da katikis da yawa ke koyarwa a ciki suna samun albashi, gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970. Sa'o'ina sun tafi masaƙun Kakuri a Kaduna, suna dawowa Kirsimeti da rediyo da agogo. Kan wannan kuma wani matashin Fada, wanda ba zan faɗi sunansa ko inda ya zauna ba, ya tsawata mini a gaban jama'a don ina fassara wa'azinsa na ƙara wani misali da bai faɗa ba. Ya ce aikina in maimaita, ba in yi tunani ba. Tsofaffin da na yi wa 'ya'yansu karatu suna zaune suna ji. Daga ranar addu'a ta zame mini aikin baki, ina jan rosari ina lissafin kuɗin mota.

Baba Malam ya lura, bai yi mini nasiha ba. Cewa ya yi, "Ɗana, tun da Kaduna kake so, ga mota za ta tashi, Paparoma zai zo. Ka raka ni ka riƙe mini jaka. In mun gama sai ka wuce Kakurinka."

Ranar Lahadi ce, 14 ga Fabrairu 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari. A bayan babbar mota muka kwana, sanyi yana ratsa bargo, matan Zumunta suna waƙa har asuba. Dandalin Murtala ya cika ya batse. Mai masauki shi ne Akbishop Peter Jatau, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe Kaduna, tun 1975. Daga inda muke tsaye Paparoman ɗan fari-fari ne kawai a can nesa. Amma kowa a wurin ya san abu ɗaya: wata tara kafin nan, ranar 13 ga Mayu 1981, an harbe shi a dandalin Waliyyi Bitrus a Roma, an yi masa aiki a ciki, kuma wannan tafiya ta Afirka ita ce fitarsa ta farko daga Italiya tun bayan harbin. Mutum mai shekara 61, ga shi cikin ranar Kaduna, dogon layin samarin da za a naɗa firistoci suna zuwa yana ɗora musu hannu ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa. Na tsaya ina kallo ina jin kunyar lissafin da na zo da shi.

Bayan Mas ya gana da wakilan jama'ar Ikilisiya, da mata, da katikis. Baba Malam ne ya shiga, ni ina waje da jaka. Da ya fito bai yi magana ba sai da muka yi nisa, sannan ya gaya mini abin da wani malamin makaranta ya fassara masa: wai komai yawan firistocin da Ikilisiya za ta samu, babu mai maye gurbin katikis. A ranar da ya naɗa firistoci da hannunsa ya faɗi haka. Baba Malam ya ce, "Ka ji? Har Roma an san da mu." Ban taɓa jin muryarsa tana rawa ba sai ranar. Daga baya na sami jawabin a buge, na karanta da kaina, haka yake.

Akwai kuma abin da ya faru da yamma. An shirya Paparoman zai gana da shugabannin Musulmi, ganawar ba ta yiwu ba. A motarmu wasu suka fara zafin baki. Shi kuwa da ya isa filin jirgin sama sai ya karanta jawabin da ya shirya musu kafin ya tashi, babu gori babu habaici, yana cewa Allah ɗaya muke bauta wa, ya kamata mu haɗa hannu. Da labarin ya iso mana Baba Malam ya yi dariya ya ce, "Wannan da a ƙauyenmu yake, da ya iya zama wurin sarkin fawa." A bakinsa babu yabon da ya fi wannan.

Ban je Kakuri ba. Ba kuma zan ce na ga wahayi ba, zuciya ba ta narkewa a rana ɗaya. Sai a Disambar 1983, da Paparoman ya je kurkuku ya zauna da Mehmet Ali Agca, wanda ya harbe shi, wani ya kawo jarida mai hoton su biyu sun haɗa kai suna magana. Baba Malam ya ajiye ta gabana ya ce, "Fadan nan naka yana nan dai, ko?" Na hau keke na je na gaishe shi. Ya karɓe ni da kyau, ban kuma tada tsohon zance ba, shi ma haka. A wannan ranin muka fara rosari da mai ɗakina da yara kowane dare, ba don ina katikis ba, don ina so. Har yau ba mu bari ba.

Da Paparoman ya sake zuwa Nijeriya a Maris 1998 ya ɗaga Fada Tansi zuwa matsayin Mai Albarka a kusa da Onica, Baba Malam ya riga ya rasu, shi ma Paparoman jiki ya yi rauni, hannu yana karkarwa. Ya rasu ranar 2 ga Afrilu 2005, aka sa shi cikin waliyyai a 2014.

A Mayun 2021 Paparoma Francis ya fitar da takardar da ta mai da aikin katikis hidimar da Ikilisiya ke naɗawa a hukumance. Yara suka zo suna yi mini barka kamar sabon abu. Na ce madalla, amma mu tun 1982 muka ji. A cikin watan nan ne kuma 'yan bindiga suka shiga gidan Fada a Malumfashi suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da tsohon firist da ke tare da shi. Saboda haka ba duka laifin nake ɗora wa 'yan baya ba. Wa zai kunna fitila a ƙofar gida da dare yanzu ya tara samari? Karatun dare bindiga ce ta kashe shi. Amma kasuwa da rana take ci, mahauci yana nan a rumfarsa, babu wanda ya hana katikis zuwa ya tambaya sai ƙyuya da ganin an fi ƙarfin abin.

Na rayu na ga 2023, da aka yanke dayosis ta Katsina daga Sakkwato aka ba ta Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ɗan katikis. Ranar naɗinsa na yi ta tunanin masu kekunan nan, yawancinsu suna kwance a maƙabartun ƙauye ba ko allon suna.

Roƙona ga shugabanninmu shi ne a tattara tsofaffin rajistocin nan masu rubutun fensir, suna nan a akwatuna gara tana ci. A rubuta sunayen katikis na farko na kowace majami'a tun masu tunawa suna da rai. A kuma leƙa matan da suka bari, don da yawansu ba su da mai kai musu ko mudun hatsi.