Tantabarar Da Ba Ta Da Gashi: Yadda Yumɓu Ya Fanshi Tsuntsu A Filin Harbi

A watan Yunin 1900, a wani fili da ke dajin shaƙatawa na Bois de Boulogne a birnin Faris, an yi wata gasa wadda masu shirya Olamfik ba sa so a riƙa tuna musu da ita. An zuba tantabaru masu rai cikin ƙananan akwatuna, maharbi ya tsaya da bindigarsa, a ja igiya akwati ya buɗe, tsuntsuwa ta tashi, ya ɗirka mata. Wanda ya kuskure biyu sai ya koma ɗan kallo. Wani mutumin Beljiyam mai suna Léon de Lunden ya kakkaɓo 21 ya zo na ɗaya, Bafaranshe Maurice Faure na biye da shi da 20. Kafin a watse tantabaru kusan 300 sun sheƙa, filin duk jini da gashi. Daga wannan ba a ƙara kashe dabba da gangan da sunan wasa a Olamfik ba.

A wasannin wannan shekarar dai an yi wata gasar harbin da ko ɗigon jini ba a gani ba. Na'ura ce ke wurga wani ɗan faifai mai kama da marfin tukunya, maharba su tarwatsa shi a sama. Roger de Barbarin na Faransa ya ci. Wannan ita ce ta rayu har yau, kuma har yau Turawa tantabarar yumɓu suke ce wa faifan, alhali ba shi da fiffike, kuma an daɗe da daina yin sa da yumɓu.

Asalin abin daga Ingila ne, wajen ƙarshen ƙarni na 18. An ce a wata mashaya da ke Ealing, yamma da Landan, a kan kife tantabara da tsohuwar malafa a ɗaure malafar da igiya. Maharbi ya ce a ja, yaro ya fizge, tsuntsuwa ta tashi. Daga baya aka maye malafa da akwati mai rushewa. Kalmar da maharbin yau yake faɗa da Turanci idan ya shirya, ma'anarta "ja", duk da cewa babu igiya, makirfon ne ke jin muryarsa ya saki faifan.

Da masu hannu da shuni suka shiga sai wasa ya zama harka. A 1869 aka kafa kulob ɗin Hurlingham a bakin kogin Thames musamman don harbin tantabara, Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na bakwai, yana cikin masu zuwa. A kan jera akwati biyar, maharbi bai san wanne za a buɗe ba, sannan a kewaye filin da shinge. Tsuntsuwar da aka harba ta lallaɓa ta faɗi bayan shinge, ta tafi a banza, ba a lissafa ta. Ga kuma caca: kuɗi masu nauyi ake zubawa a kan kowace tsuntsuwa guda.

Shingen nan da cacar nan su suka gyara bindiga. Bindigar harbin tsuntsu ba harsashi guda take aikawa ba, ɗaruruwan ƙwayoyin dalma take watsawa, kamar an watsa gero. Ƙwayoyin ma da nasu labarin: a 1782 wani mai aikin dalma a Bristol, William Watts, ya sami izinin mallakar dabarar zubo narkakkiyar dalma ta rariya daga saman dogon gini, ɗigon ya dunƙule a iska kafin ya faɗa ruwa. Matsalar ita ce da zarar ƙwayoyin sun bar bakin bindiga sai su baje, kafin su kai yadi 40 sun yi wa tsuntsuwa faɗi, ta bi ta tsakiyarsu ko ta tafi da rauni. Mafarauci a daji zai iya haƙuri da haka. Wanda ya zuba fam ɗari a kan tsuntsuwa ɗaya ba zai iya ba.

Maganin da aka samo shi ne a ɗan matse bakin bututun daga ciki. Matsin da ake kira cikakke bai fi milimita guda ba, amma yana tattara kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin a cikin da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40. Wa ya fara? Nan fa ake yin ta. William Pape na Newcastle ya yi rajistar wata dabara a 1866, Fred Kimble na jihar Illinois a Amurka shi ma ya ce shi ne. Abin da ba a musu a kai shi ne W. W. Greener na Birmingham ne ya ƙware wajen yin matsin yadda za a iya maimaita shi, kuma a gwajin da mujallar The Field ta shirya a 1875 bindigoginsa suka yi wa saura fintinkau. A wannan shekarar kuma wasu ma'aikatan kamfanin Westley Richards su biyu, William Anson da John Deeley, suka mayar da ƙarafan dukan harsashi, waɗanda da suke tsaye a waje kamar kunnuwa, cikin jikin bindigar, ta yadda karya ta don ɗura harsashi shi ne ɗana ta. Ƙirar tasu ba ta da tarkace da yawa, shi ya sa ba ta saurin lalacewa, kuma galibin bindigogi masu baki biyu a jere da ke hannun mafarauta a duniya jikokinta ne.

Lambar da ake ji ana faɗa, wai bindiga lamba 12, ita ma tsohon awo ce. A raba laba ɗaya ta dalma zuwa dunƙule 12 daidai wa daida. Bututun da dunƙule ɗaya ya cika shi cif, shi ne lamba 12, wato wajen milimita 18 da rabi. Don haka lamba 20 ta fi 12 ƙanƙanta, abin da kan rikita sabon shiga.

A Amurka kuwa ba a damu da kiwon tantabara don gasa ba, domin Allah ya hore musu wata ta daji mai ƙaura da yawanta ya kai biliyoyi. Garkenta kan rufe rana na tsawon sa'o'i idan yana wucewa. Ana kama su da raga a aika birane a jirgin ƙasa, yawanci don nama, wasu kuma da ransu don filayen harbi. A wata gasa guda a Coney Island a 1881 an yi amfani da kusan 20,000. Ba gasar harbi kaɗai ce ta ƙarar da su ba, 'yan kasuwar nama da masu sare daji sun fi ta laifi, amma hannunta bai fita ba. Tsuntsu ya fara wuya, ya yi tsada, ga ƙungiyoyin kare dabbobi sun taso maharba a gaba.

Sai aka koma kwalba. Tun wajen 1866 ake gwada wurga ƙwallon gilashi, wasu har da cusa gashin tsuntsu a ciki don in ya fashe a ga gashi na tashi, zuciya ta yi sanyi. Kyaftin Adam Bogardus, wanda ya fara da harbin tsuntsaye yana sayarwa, ya ƙera na'urar wurgawa mai sifirin a 1877, ya kuma sa aka yi wa ƙwallayen zane mai tudu don kada ƙwayar dalma ta zame. A wani nuni da ya yi a New York ya harbi ƙwallo 5,000 cikin awa takwas da 'yan mintoci. Sai dai ƙwallo ba ya tashi kamar tsuntsu, sama yake yi ya dawo kamar an jefa mangwaro. Ga fasassun kwalabe a makiyaya, masu shanu ba su yi murna ba.

A 1880 George Ligowsky na birnin Cincinnati ya yi rajistar faifan yumɓu mai ɗan zurfi, wanda idan aka wurga shi yana juyawa sai ya yi ta shawagi a iska. Ana cewa ya sami dabarar ne da ya ga yara na wurga ɓawon kumba a kan ruwa. Don ya tallata hajarsa, a 1883 ya ɗauki Bogardus da babban abokin hamayyarsa Doc Carver suka zagaya ƙasa suna karawa sau 25, Carver ya ci 19. Faifan na Ligowsky gasasshe ne kamar kasko, wani lokaci a same shi ya yi ƙara ya wuce bai fashe ba. Fred Kimble ɗin nan na rigimar matsin bututu shi ya kawo gyara a 1884, da faifan da aka haɗa da kwalta. Na yau garin farar ƙasa ne da kwalta ko wani abin haɗi, a shafa masa launin ruwan lemo.

Wani abin mamaki, a Cincinnati ɗin nan dai, a gidan namun dajin birnin, ranar 1 ga Satumba 1914, tantabarar dajin nan ta ƙarshe a duniya, wadda ake kira Martha, ta mutu a keji. Aka daskare ta cikin ƙanƙara aka aika gidan tarihi na Smithsonian a Washington.

Hurlingham ta daina harbin mai rai a farkon ƙarni na 20, majalisar Birtaniya ta haramta shi a 1921. Monte Carlo, matattarar 'yan caca, ta yi taurin kai har 1966. Abin da ta bari gado shi ne sunanta a kan wata ƙirar ƙotar bindiga mai tudu a inda kunci ke kwantawa, wadda ke ɗaga ido don tsuntsu mai tashi sama.

Reshe na biyu na wasan, wanda ake kira sikit, kaji ne suka yi masa fasali. A 1920 a Andover ta jihar Massachusetts, Charles Davis da William Foster, mafarautan fakarar daji, suka zana da'ira kamar fuskar agogo, na'ura a kan ƙarfe 12, suna zagayawa suna harbi ta kowace kusurwa don kada hannu ya kwanta bayan lokacin farauta. Maƙwabci ya kafa gidan kaji a gefe guda, dole suka yanke da'irar biyu suka ƙara na'ura ta biyu tana fuskantar ta farko. A 1926 aka sa gasar raɗa suna, Gertrude Hurlbutt ta jihar Montana ta ci dala 100 da wata kalmar mutanen arewacin Turai mai nufin harbi. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan Amurka sun koya wa masu harbi daga jirgin sama yadda ake saitin gaban abin da ke gudu da wannan wasa.

Faifai ya sauya abin da ake nema a jikin bindiga. Mafarauci na iya shekara bai harba harsashi ɗari biyu ba. Ɗan gasa kan harba dubbai a wata guda. John Browning, wanda ya ƙera bindigar harbin tsuntsu ta farko mai ɗura kanta da ta karɓu, Auto-5, ya kai ta kamfanin FN na Beljiyam a 1902 bayan sun ɓata da kamfanin Winchester kan kuɗi, aka yi ta ƙera ta har ƙarshen shekarun 1990. Aikinsa na ƙarshe shi ne mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya, wadda ɗansa Val ya ƙarasa bayan rasuwarsa a 1926, ta shiga kasuwa a 1931. Ido ya fi samun saiti a kan bututu guda siriri, shi ya sa wannan ƙirar ta mamaye filayen gasa. Daga baya Italiyawa suka karɓe kasuwar. Ennio Mattarelli ya ci zinare a Tokyo a 1964 da bindigar Perazzi, kuma samfurin MX8 da kamfanin ya yi don wasannin Meziko na 1968 ya zo da kunama mai cirewa gaba ɗaya: sifirin ya karye ana tsakar gasa, a zare a sa wata cikin ɗan lokaci. Kwanson harsashi ma ya tashi daga takarda, mai kumbura in ta sha damshi, ya koma roba a shekarun 1960, sannan matsin bakin bututu ya zama ɗan ƙarfen da ake murɗawa a canza yadda ake so.

A Olamfik ta yau faifan na da faɗin milimita 110 da nauyin giram 105, dalmar harsashi ba ta wuce giram 24 ba, kuma a gasar rami, wato reshen farko na wasan, na'ura 15 ne ke ɓoye cikin rami a gaban maharba. Wasan ya kuma fita daga hannun attajiran Landan. Ahmed Al Maktoum ya ci wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa zinare a 2004, Fehaid Al-Deehani na Kuwait ya ci a 2016, Adriana Ruano ta kawo wa Guatemala zinarenta na farko a tarihi a Faris a 2024. A Barcelona kuwa, a 1992, lokacin maza da mata tare suke karawa a sikit, Zhang Shan ta ƙasar Sin ta fasa faifai 200 a jere kafin zagayen ƙarshe, ta doke mazan duka ta ɗauki zinare. A wasannin Atlanta na 1996 maza kaɗai aka bari su shiga sikit, mata ba su sami tasu gasar ba sai a Sydney a 2000.